Dogon Bututu ko Gajere? Tambayoyi da Amsoshi kan Sauya Hanyar Iska a Mota Mai Turbo a Gombe

Motoci masu turbo suna ƙara yawa a titunan Gombe: Honda Civic da Accord masu injin 1.5, Mercedes C250 da C300, Lexus NX200t, Ford Escape, Golf GTI, ga kuma Hilux na dizal. Abin da masu su suka fi saurin son taɓawa shi ne akwatin filtar iska, a cire na kamfani a ɗaura bututu mai ƙyalli. Ga tambayoyin da aka fi kawowa gareji a kan wannan aiki, da amsoshinsu.

Mene ne bambancin dogon bututu da gajere?

Dukansu suna maye gurbin akwatin filta na kamfani da bututun da ya tashi daga shi zuwa bakin turbo. Gajeren, wanda masu sayarwa a intanet ke rubutawa SRI, guntun bututu ne da filta mai siffar mazurari a bakinsa, yana zaune a buɗe cikin bonet kusa da injin. Dogon, wanda ake rubutawa CAI, yana lanƙwasawa ya gangara ya kai filtar bayan bamba ko cikin madigadi, inda iskar waje take.

Akwai na uku da mutane ke mantawa da shi: rufaffen akwati mai babbar filta a ciki, wanda ke jan iska ta ragar gaban mota. Akwatin da kamfani ya sa wa yawancin motoci masu turbo irin wannan ne. Ma'ana, motarka ta zo da hanyar ɗebo iskar waje tun daga masana'anta. Wanda ya cire ta ya sa gajeren bututu buɗaɗɗe, sau da yawa baya ya ci ta fuskar zafi.

Tunda akwai intakula, ina ruwan injin da zafin iskar da filta ta jawo?

Wannan ce tambayar da ake yawan yin musu a kanta, kuma kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. A mota mai turbo iska tana bin wannan hanya: filta, turbo, intakula, totur, sannan injin. Turbo yana matse iska, matsewar tana dafa ta, intakula kuma tana sauke wani kaso na zafin. Ba ta sauke shi duka.

Bari mu yi lissafi. Ɗauki rana a watan Afrilu, zafin waje digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, turbo yana matsa bar 1 (wato yana ƙara kusan kwatankwacin matsin iskar waje a kai), ingancinsa kashi 70 cikin 100, intakula kuma tana cire kashi 70 cikin 100 na zafin da ya ɗara na waje. Idan iska ta shiga turbo a digiri 40, za ta fito a kusan 138, bayan intakula ta koma kusan 69. Idan gajeren bututu ya jawo iskar cikin bonet mai digiri 60, za ta fito daga turbo a kusan 164, bayan intakula ta tsaya a kusan 77.

Duba yadda abin ya tafi. Tazarar digiri 20 a bakin filta ta zama 26 bayan turbo, domin turbo yana ninka zafin da aka ba shi, sannan intakula ta mayar da ita 8. Kowane digiri 3 yana rage nauyin iska da kusan kashi 1 cikin 100, don haka asarar ta tsaya wajen kashi 2 da ɗoriya. Ba ta kai ta motar da ba ta da turbo ba, wadda ke shaƙar digiri 20 ɗin gaba ɗaya, amma tana nan. Kuma wannan lissafin na motar da ke gudu ne, iska tana dukan intakula. A cunkoson Tashar Dukku ko bakin babbar kasuwa, inda intakula kanta ta ɗau zafi, ba ta iya cire kashi 70 ɗin.

To idan kashi 2 ne kawai, me ya sa mota ke yin nauyi da rana?

Saboda kwamfutar mota ba ta tsayawa a kan nauyin iska kaɗai. Iska mai zafi tana sa fetur ya kama wuta kafin lokacinsa, abin da ke jawo ƙwanƙwasar injin. Da sansa, wato ƙaramar na'urar da ke auna abu ta kai wa kwamfuta rahoto, ya ji alamar haka, ko ya ga zafin iska ya haye wani mizani, kwamfuta tana jinkirta tartsatsin filogi, a wasu motocin ta rage matsin turbo. Nan ne ƙarfin ke tafiya da gaske, fiye da abin da lissafin sama ya nuna.

A wajenmu matsalar ninki biyu ce. Motoci masu turbo da dama, musamman na Jamus, an rubuta musu fetur mai oktan (ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasa) 95, wanda a Amurka ake kira 91. Gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba ka da zaɓin mai oktan sama. Injin da tun farko yake gab da ƙwanƙwasa saboda mai, in ka ƙara masa iska mai zafi, kwamfuta za ta riƙa ja da baya a duk lokacin da ka taka.

Wanne ne ya fi ƙara ƙarfi?

A motar da ba a taɓa kwamfutarta ba, babu wanda zai ba ka abin da aka rubuta a kwali. Kwamfutar motocin zamani tana da adadin ƙarfin da take nema. In ka sauƙaƙa wa turbo jan iska, sai ta buɗe ƙofar da ke karkatar da hayaƙi daga turbo da wuri, ta tsaya a inda aka tsara mata. Abin da ka samu shi ne turbo ya ɗan huta, wani lokaci kuma ya tashi da sauri kaɗan. Direba yakan ji kamar mota ta ƙara ƙarfi ne saboda ƙarar da kunnensa ke ji.

Tsawon bututu yana da tasiri a injin da ba shi da turbo, domin iska tana kaiwa da komowa a cikinsa daidai da bugun bawul. Turbo yana katse wannan. Abin da ya dame shi a gabansa biyu ne: kada iska ta sha wahalar shigowa, kada kuma ta zo da zafi. Gajere ya fi sauƙin wucewa, dogon ya fi sanyi, kuma kowace lanƙwasa a dogon tana cin wani abu daga ribarsa.

Inda sauyin ke biyan kuɗinsa shi ne bayan an yi wa kwamfuta tunin, wato an sauya tsarin aikinta, an ɗaga matsi, ko an sa turbo mafi girma. A nan akwatin kamfani yana iya zama maƙura. Ga misali: matsin iska a Gombe yana wajen kPa 96 (kPa 100 shi ne bar 1). In turbo zai ƙara 100 a kai, kuma hanyar shiga ta cinye 3, zai ninka matsin iska sau 2.1. In hanyar ta cinye 8, sai ya ninka sau 2.2 kafin ya kai wuri ɗaya. Ƙarin juyi ke nan da ƙarin zafi.

Malam, ni ƙarar nake so. Laifi ne?

Ba laifi ba ne, kuma gara mai faɗin gaskiya da mai fakewa da ƙarfi. Kamfani yana sa ƙananan ɗakuna a jikin bututu don kashe fito da hucin turbo. Gajere buɗaɗɗe shi ya fi fitar da wannan ƙara, rufaffen akwati shi ya fi ɓoye ta. Sai dai ƙarar da ta yi daɗi a zagayen gari tana iya gundurarka a tafiyar awa biyu zuwa Bauchi.

Yaya gajeren bututu yake yi da zafin Gombe?

A kan hanya, mota na gudun kilomita 80 zuwa sama, iska tana wanke cikin bonet, bambancinsa da dogon yana raguwa sosai. Matsalarsa a tsaye take. Ka tsaya a danja, na'urar sanyaya mota tana aiki, fanka tana turo zafin lagireto baya, turbo da salansa suna huci a gefe. Duk wannan iska filtar take sha. Bututun alminiyam shi ma yana ɗaukar zafi ya riƙe, ya fi na roba. Shi ya sa tashin farko bayan tsayuwa yake zuwa a mace, sai an yi ɗan gudu mota ta dawo hayyacinta.

Wanda ya nace sai gajere, ya nemi mai garkuwa. Garkuwar kirki tana da roba a bakinta na sama da ke mannewa da bonet idan an rufe, kuma tana barin bututun kamfani na gaba ya ci gaba da hura mata iska. Farantin da aka kafa a gefe ɗaya, sama da ƙasa a buɗe, ado ne kawai.

Dogon kuma, me ake tsoro a kansa?

Ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa ba ma ba mazaunin Gombe shawarar dogon bututu mai gangarawa ƙasa, duk da ya fi sanyi. Garin a kwari yake, in an yi ruwa mai ƙarfi a Yuli ko Agusta, ruwan tuddai yana gangarowa ya cika tituna cikin ɗan lokaci, magudanai su tumbatsa. Bakin akwatin kamfani yawanci yana sama, daidai leɓen bonet. Filtar dogon bututu tana iya zama santimita 30 kacal daga ƙasa. Sa tef ka auna taka kafin damina.

Ruwa ba ya matsuwa. Injin 1.5 mai silinda huɗu, kowace silinda tana ɗaukar mililita 375, kuma idan fiston ya hau ƙarshe, gurbin da ya rage bai wuce mililita 40 ba, kusan cokali uku na cin abinci. Ruwan da ya fi wannan ya shiga, fiston ba shi da inda zai je. Sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe, ko ta karye ta fasa jikin injin. Kafin nan ma ruwan ya riga ya bugi fukafukan turbo da ke juyawa sama da sau 100,000 a minti.

Ba sai ruwa ya kai filta a tsaye ba. Tirela ko Keke Napep da ya wuce ka yana turo igiyar ruwa da ta fi zurfin wurin, bambar motarka ma tana tara ruwa a gabanta in ka shiga da gudu.

Ana sayar da riga da ake sa wa filta. Tana tare fantsama da yayyafi, ba ta hana komai idan filta ta nutse. Akwai kuma wani bawul na soso da ake sa wa tsakiyar dogon bututu don ya buɗe in ƙasa ta toshe da ruwa. An yi shi ne don injin da ba shi da turbo, kada a dogara da shi a nan. Wasu dogayen suna zuwa gida biyu, ana iya cire rabin ƙasa a mayar da filta sama. In irinsa gare ka, mayar da shi gajere daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba.

Mota ta mutu a cikin ruwa. Me zan yi?

Kada ka murɗa makulli. Injina da yawa a yunƙurin sake tayarwa suke lalacewa. A tura ta ko a ja ta zuwa tudu. A cire filta a duba: in ta jiƙe, a ɗauka ruwa ya shiga. A kwance tiyon ƙasa na intakula a zubar da abin da ya taru, domin intakula tana ƙasa kuma tana riƙe ruwa mai yawa da zai iya shiga injin daga baya, ranar da ka taka da ƙarfi. A cire kwayil da filogi duka, a cire fiyus na famfon mai, a juya injin da hannu tukuna. In ya juya ba tare da cijewa ba, sannan a buga sitata ruwan ya fita ta ramukan filogi. A duba baƙin mai: in ya koma kalar shayi da madara, a juye shi tare da filtarsa kafin a tayar. Bayan ta tashi a auna matsin kowace silinda. Wadda ta yi ƙasa da sauran sosai, mai yiwuwa sandarta ta lanƙwashe ko da injin yana aiki.

Wace irin filta ce ta dace da ƙurarmu?

A ganinmu wannan tambaya ta fi ta tsawon bututu muhimmanci, amma ita ce ba a cika yi ba. Injin 1.5 da turbo ke matsa wa bar 1 yana shan iska sama da lita 6,000 a minti idan an taka shi sosai. Yi tunanin wannan a watan Janairu, hazo ya rufe gari, ko a bayan manyan motocin siminti a hanyar Bajoga da Ashaka. Ƙurar hunturu tana da laushi ƙwarai, kuma akwai yashi a cikinta. Duk wadda ta wuce filta, fukafukan turbo take fara ci, ta dakushe bakinsu, sannan ta wuce ta goge ringi da bangon silinda. Ba a ganin ɓarnar a wata ɗaya. Sai an wayi gari mota tana shan baƙin mai, turbo yana kuka.

Filta iri uku ce. Ta takarda, irin ta kamfani, ita ta fi tare ƙura mai laushi. Ta auduga mai mai, irin ta K&N, ta fi barin iska ta wuce saboda ramukanta sun fi faɗi, man ne ke kama ƙura, kuma in man ya bushe ko an wanke ba a mayar daidai ba, tarewar ta ragu. Ta uku busasshiya ce ta zaren roba, irin AEM Dryflow, ana wanke ta, ba a sa mata mai. Ga mai bin hanyoyin ƙauye ko mai yawan tafiya da hunturu, takarda ko busasshiya. In kana son iska ta ƙaru ba tare da ƙura ta ƙaru ba, girman filta za ka ƙara, kada ka nemi mai manyan ramuka.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. Bayan wata guda da ɗaurawa, kwance bututu daga bayan filta, ka shafa farin ƙyalle a cikinsa. In ya fito da jar ƙura ko ka ji gari-gari a yatsa, ko filtar ba ta tarewa ko akwai inda iska ke satar hanya. Ɗan danshin mai kusa da inda tiyon numfashin injin ya haɗu ba komai ba ne. Ƙura ce abin tsoro.

Ina kai filta wurin mai faci a busa mata iska. Ya isa?

Iskar kwamfaresa mai ƙarfi tana yaga zaren takarda, ta buɗe ramukan da ido ba ya gani. Filtar ta fito fes, amma ta daina aiki. In dole ne, a bubbuga ta a hankali, ko a busa daga nesa ta ɓangaren da yake mai tsabta zuwa waje. Ɗaga ta a rana: in ka ga ɗigon haske ko robar gefenta ta tsage, a sauya. Kilomitocin da littafin mota ya rubuta na ƙasashen da ba su da hazo ne, a nan a riƙa dubawa duk lokacin juyen mai.

Ta auduga mai mai kuwa ba a busa ta ko kaɗan, ba a kuma wanke ta da fetur. A fesa sabulunta, a bari minti 10, a ɗauraye da ruwa marar ƙarfi daga ciki zuwa waje, a bar ta ta bushe da kanta. Sannan a bi kan kowane ninki da mai siriri, a jira minti 20 ya bazu, a cike inda ya rage fari. Mai in ya yi yawa yana bin iska ya shafe sansa.

Na ɗaura sabon bututu, wutar cek injin ta kama. Me ya faru?

Fara da sanin ko motarka tana da sansan MAF, wato mai auna iskar da ke wucewa a bututu bayan filta. Civic 1.5 turbo tana da shi. Golf GTI ta bakwai ba ta da shi, da matsi da zafi take lissafi, shi ya sa irinta ba ta cika damuwa da sauyin bututu ba.

MAF ɗan yanki kaɗan na iskar yake taɓawa, kwamfuta ta ninka bisa faɗin bututun da ta sani. In na kamfani milimita 70 ne ka sa mai 76, faɗin bakin ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100. Iskar da ta wuce ta fi wadda aka ƙirga, fetur ya yi kaɗan, sai lambar P0171 ta fito. Fetur kaɗan a ƙarƙashin matsin turbo yana iya ƙona fiston, don haka ba wutar da za a share a ci gaba da tafiya ba ce. P0101 kuma yana nufin karatun sansan ya saɓa wa abin da kwamfuta ke tsammani: ko an juya shi baibai, ko yana dab da lanƙwasa inda iska ke murɗawa, ko mai ya shafe shi.

A bi su ɗaya bayan ɗaya. A duba kibiyar da ke jikin sansan tana kallon turbo. A duba robar da ke zagaye da shi ta zauna. A duba kowane kilif tsakanin sansa da turbo, da tiyon numfashin injin, da tiyon bawul mai mayar da iska idan an saki totur. In datti ne, a fesa maganin wanke MAF, kada a yi amfani da na kafireto, kada kuma a taɓa wayar cikinsa da komai. In faɗin bututun ne ya bambanta, babu gyara sai tunin ko a mayar da mai faɗin asali.

Wani abin da ake haɗawa da wannan aiki shi ne bawul mai fitar da iska waje don a ji "fish" idan an canja giya. A mota mai MAF, iskar da aka zubar an riga an ƙirga ta an ba ta fetur, sai mai ya yi yawa, mota ta riƙa shaƙewa ko ta mutu a danja.

Yana rage shan mai?

A'a. A tafiyar yau da kullum totur ne ke taƙaita iska, ba filta ba. Wasu masu sabon bututu ma shan mansu ƙaruwa yake, saboda ƙafa tana neman ƙarar.

Zan iya sa mai walda ya ƙera mini?

Ana iya yi, in an kiyaye abu huɗu. Kada a yi amfani da fayif na roba irin na ruwan famfo, yana laushi da zafin bonet, ga turbo yana zuƙa, sai ya lotse. In ƙarfe aka yi wa walda, a goge cikinsa tas a wanke, domin ɗigon walda ɗaya da ya ɓalle ya isa ya kashe turbo. A bar gidan MAF na kamfani yadda yake a haɗa sabon bututu da shi, maimakon a huda rami a dasa sansan. A yi wa bakin bututu ɗan tudu a zagaye don kada tiyo ya zame. Filtar kuma kada a saye ta don arha: marasa suna da yawa gam ɗinsu yana sakewa da zafi, ragar cikinsu ta tafi bakin turbo.

Yaya ake ɗaurawa daidai?

Injin ya huce tukuna. Cire kan batir na nagetif, galibi da sufana 10. Zare soket na MAF ta hanyar danna maƙallinsa, kada a ja waya. Sassauta kilif, yawanci 7 ko 8 ne, ka ɗaga akwatin daga robobin da yake zaune a kai. Da zarar bakin turbo ya buɗe, toshe shi da ƙyalle mai tsabta, ka kuma tuna cire shi. Noti ko wanki da ya faɗa nan ba a sani ba, ƙarshen turbo ke nan a tayarwar farko.

Haɗa komai a sake, kada ka ɗaure ko ɗaya sai duk sun zauna. Injin yana motsi a kan kujerunsa idan an taka, jikin mota kuma ba ya motsi, don haka dole a samu tiyon silikon mai ba da wuri tsakaninsu, da maɗauri mai roba da zai ɗauki nauyin bututu. Bututun da aka bari yana rataye a wuyan turbo yana tsaga wuyan. Bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da fanka, bel, wayoyi da bututun birki. Sannan a ɗaure daga turbo zuwa filta. Mayar da kowane ƙaramin tiyo inda yake. Tayar da mota ka bar ta a silo minti 10, ka saurari tsotso. Bayan kilomita 200 a sake bin kilif duka, domin silikon yana kwanciya bayan ya sha zafi.

Akwatin kamfani kuma a adana shi da dukkan robobinsa. Ranar sayar da mota, dillali yana ganin bututu mai ƙyalli zai ce an wahalar da ita.

Ta yaya zan san ko sauyin ya amfane ni?

Da ƙaramar na'urar OBD2, wadda ake jonawa a mota don karanta bayanan kwamfutarta, irin ELM327, da manhajar waya kamar Torque ko Car Scanner. Ka ɗauki karatu kafin ka cire na kamfani, in ba haka ba ba ka da abin kwatantawa. Duba IAT, wato zafin iskar da ke shiga injin, ka cire zafin waje daga ciki, tazarar ce abin lura. Ka sani cewa a motoci da yawa IAT ɗin da waya ke nunawa na bayan intakula ne, a wasu kuma na cikin MAF ne. Ɗauka sau uku: bayan minti 10 a tsaye da na'urar sanyi a kunne, a gudun 100 a miƙaƙƙiyar hanya, da kuma a giya ta uku daga juyi 2,000 zuwa 5,500 a inda babu jama'a, wani yana riƙe da wayar. A yi a hanya ɗaya, lokaci ɗaya na yini. Duba LTFT, wato gyaran fetur na dogon zango: tsakanin kashi 5 cikin 100 sama da 5 ƙasa lafiya, in ya wuce 10 akwai magana. In lokacin tartsatsi yana faɗuwa a tsakiyar taku fiye da da, iskar ta yi zafi.

Yallaɓai, a taƙaice wanne zan saya?

In kwamfutarka ta kamfani ce, bar akwatin kamfani, ka sa filta mai kyau, ka tabbata bututun gabansa da robobin da ke tilasta iska ta bi ta intakula suna nan. Motocin Kwatano da yawa suna zuwa an yi musu gyaran gaba an watsar da waɗannan robobi. In an yi tunin, sayi rufaffen akwati da aka ƙera wa motarka takamaimai, mai busasshiyar filta, mai jan iska ta sama. In kuɗin abu ɗaya gare ka kuma zafi ne damuwarka, intakula mafi girma ta fi kowane bututu aiki, domin ita ke fama da digiri 138 ɗin nan. Kafin ma ka saya, wanke fuskar wadda kake da ita da ruwa marar ƙarfi, ka miƙe haƙarƙarinta da duwatsu suka lanƙwasa. Mai NX200t ya tuna tasa da ruwa take sanyaya iska, tana da nata ƙaramin lagireto da famfo, su zai duba.

Ina yawan hawa Jos. Akwai abin da ya canja?

Jos ta haura mita 1,200, matsin iska yana sauka wajen kPa 88. Turbo yana ƙara juyi don ya cike giɓin, saboda haka filta da ta toshe ta fi nuna kanta a hawan. Sanyin garin yana taimaka wa intakula, amma doguwar hawa da kaya a baya tana tara zafi a bonet, abin da gajere buɗaɗɗe ba ya so.

Hilux na dizal fa?

Kada a sa mata buɗaɗɗiyar filta ko wace iri. Dizal ba ya taƙaita iska kamar fetur, kullum yana sha da yawa, kuma gurbin da ke saman fiston ɗinsa ya fi ƙanƙanta idan aka kwatanta da girman silinda, ruwa kaɗan ya ishe shi. Ga mai shiga gonaki ta Dadin Kowa ko ƙetare rafuka da damina, abin da ya dace shi ne bututun da ke hawa ta gefen gilashi zuwa saman rufi, a haɗa shi da akwatin kamfani. Yana ɗebo iska sama da ƙurar taya, sama da ruwa. A liƙe kowace mahaɗa da silikon, a duba ƙaramin bawul na roba da ke gindin akwatin yana rufewa, in ba haka ba ruwa ta nan zai shiga. Gwajinsa: injin na silo, a toshe bakin sama da faranti na ɗan lokaci kaɗan. In injin ya fara shaƙewa, haɗin ya kama. In ya ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba, akwai inda yake shan iska, a bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya har a gano.